Kuɗin Idon Mage

Shafi na 14

Masu cika min akwatin saƙo kwana uku, na ji ku, wayata ce ta faɗa bokitin wanki. Ke kuma da kika ce in sa Maman Mage ta haƙura ta koma gida, ki yi haƙuri, ba ta jin magana. Ni da nake rubuta ta ma ba ta jin tawa.

*

Ƙarfe goma da rabi muka fito daga kotun jihar da tsohon mijina Dogo ya gudo, hannuna riƙe da takarda mai hatimi biyu, ɗaya na kotun garinmu, ɗaya nasu. Hatimi har biyu, amma ko kofin ruwa ba za su saya min ba. Magatakarda ya ce sai an kai wa Dogo sammaci, sai ya amsa, sannan a sa rana. Na tambaye shi kwana nawa ke nan. Ya ce in an yi sauri, sati uku.

Ni kuwa kwana huɗu gare ni. Likita ya ce ranar Litinin in ajiye dubu ɗari uku da hamsin, in ba haka ba a ba wani yaron ranar aikin idon, ƴata Mage ta koma ƙarshen layi. Ƙarshen layin nan wata bakwai ne, kuma likitan bai ɓoye min komai ba, ya ce idon hagun ba zai jira wata bakwai ba. Yarinya ƴar shekara tara, yanar ido ta rufe mata baƙin ya koma fari, in za ta karanta allo sai ta karkatar da kai. Na sayar da kekena ɗaya cikin biyun da nake ɗinkin kayan makaranta da su, na haɗa dubu ɗari da ashirin. Sauran suna wuyan ubanta, wanda kotu ta ce ya riƙa ba da dubu ashirin duk wata, yau shekara huɗu ban ga ko sisinsa ba.

Yaya ya dubi agogonsa, ya ce in muka ɗaga ƙafa za mu sami motar sha biyu. Ya ce mun yi iya yinmu, sauran sai addu'a.

Tun da muka taso daga gida yake wannan waƙar. Shi da Inna babu wanda ya so tafiyar nan. Inna har kama min hannu ta yi a bakin ƙofa, wai mace ba ta bin mijin da ya sake ta gari-gari, zubar da mutunci ne. Da suka ga na ɗaura ɗamara sai Yaya ya rufe shagonsa na kayan gini ya biyo ni, ya biya min kuɗin mota, ya kuma ce in tuna rance ne. Ban ji haushi ba, na saba. Ranar da aka yi shari'ar rabuwarmu ina kan benci a waje ina kuka, shi ya shiga ya cike duk takardun da aka ba shi. Shi ya ce in goge lambar Dogo, duk magana ta bi ta kansa. Shi yake zuwa bin sawu a kotu, ya dawo ya ce har yanzu shiru. Mage ta yi zazzaɓi, ko an koro ta daga makaranta, shi yake ranta min, ni kuma in riƙa biyan dubu goma duk ƙarshen wata. Lambar asusun da nake tura masa da allin ɗinki na rubuta ta a bango saman kekena, har ta goge ban sake rubutawa ba, don ta riga ta zauna min a ka. Kowa a dangi ya san Yaya ne ginshiƙin gidanmu. Har karatun autanmu a jami'ar kuɗi, in aka tashi yabo, shi ake yaba wa.

Amma yau ban bi shi tasha ba. Magatakardan nan ya biyo ni baranda ya yi ƙasa da murya, ya ce tunda na san inda mutumin yake aiki, in je ofishin albashinsu in nuna takarda, wani lokacin kunya ta fi sammaci sauri.

Yaya ya sha mur. Ya ce zan je in tona wa kaina asiri gaban ƙattai. Na ce asirina ya daɗe a tone, na tare mota.

Kamfanin roba ne, masu yin bokitai da kujeru. Tun daga titi warin narkakkiyar roba yake shiga maƙoshi. A bakin ƙofa akwai ɗan ɗakin maigadi da dogon benci ƙarƙashin rumfar kwano. Yaya ya karɓi takardar daga hannuna yadda ya saba, ya ce in zauna nan, maganar maza ce, yanzu zai fito.

Maigadin dattijo ne mai tabarau mai kauri, da yatsa yake bin rubutu. Ya bi layi-layi har ƙasa, sannan ya ɗago.

"Sunan wa ke nan?"

"Nata ne," in ji Yaya. "Ni yayanta ne, ni ke tsaya mata."

"To ka tsaya mata a nan. Mai suna ke shiga."

Yaya ya yi bayani, ya yi lallashi, har hannu ya sa a aljihu. Dattijon nan ko gezau. Ya ce kuma ba a shiga da jaka ko waya. Na miƙa wa Yaya jakata, da wayata, da katin asibitin Mage, da kuɗin kekena duk a ciki. Da zai karɓa na ji tafin hannunsa jiƙe sharkaf, na ɗauka zafin kwano ne.

Wannan ne karon farko a shekara huɗu da na shiga wani ofishi kan maganar Mage ba Yaya a gabana.

Ofishin albashi ɗan ƙaramin ɗaki ne a sama, tebur biyu, fanka tana juyi tana ƙara, fayiloli jere har rufi. Akantar mace ce da ta manyanta, tabarau rataye a wuyanta da igiya. Ta karanta takardar, ta kalle ni, ta sake kallon takardar, sannan ta ɗaga wayar tebur ta ce a turo mata mai injin lamba uku. Ta nuna min kujera. Kujerar ma ta roba ce, irin tasu.

Na shirya maganganu tun a mota. Awa tara ina jera su, wanda zan fara da shi da wanda zan rufe da shi. Da ƙofa ta buɗe sai duk suka watse.

Dogo ne, sai dai ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Rigar aiki shuɗiya, auduga a kunne, tabon ƙuna a bayan hannu. Mutumin da ya sake ni da saƙon waya na layi biyu daga wannan garin, ina tsaka da yi wa ƴarsa wanka. Ya tsaya a bakin ƙofa yana cire audugar, ko sallama bai yi ba.

"Maman Mage."

"Ashe ka tuna sunanta."

"Me ya kawo ki?"

"Kuɗin ƴarka."

Ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba. Ya juya ga Akanta ya ce ta ji ko, an zo neman ƙari. Ya ce dama ya san za a rina, tunda kaya sun yi tsada.

Raina ya ɓaci har na ji kunnena yana zafi. Na miƙe tsaye. Na ce ƙarin me, mutum ya ba da wani abu ne balle a nemi ƙari? Na faɗa masa daren da na kwana ina ɗinka wando arba'in don kar a kori Mage daga aji uku. Na faɗa masa takalminta da na kai gyara sau huɗu har mai gyaran ya ce in ji tsoron Allah. Na ce shekara huɗu yana cin albashinsa shi kaɗai, ƴarsa tana cin rance.

"Shi kaɗai?" Ya matso, ya dafa tebur. "Wata arba'in da takwas ana yanke min dubu ashirin kafin in ga albashina da idona. Wata arba'in da takwas. Na yi ciwo an yanka, an rage mana aiki an yanka. Ke kuma ko hotonta kin hana ni."

"Ƙarya kake."

"Sau biyu na je garinku."

"Ƙarya kake, Baban Mage."

"A tasha yayanki ya tare ni, duka biyun. Ya ce kin rantse in na taka ƙofar gidan sai kin kira min ƴan sanda. Na ba shi ƴar tsana da takalmi ya kai mata."

Ƴar tsana. Akwai wata mai jar riga da Yaya ya kawo wa Mage shekara biyu da suka wuce, ya ce a kasuwa ya gani ya tuna da ita. Har yau da ita take kwana. Na sa Mage ta durƙusa ta yi masa godiya.

Na kore tunanin. Ban zo nan don in tausaya wa Dogo ba, kuma bai cancanta ba. Na ce ko da gaske ne, sau biyu a shekara huɗu shi ne uba? An tare shi a tasha sai ya juya, kamar wanda ya je sayen kaya ya tarar an rufe shago. Makarantarta ba ta da ƙofa ne? Ya san launin idon ƴarsa yau?

Ya ce ido kuma, me ya sami idon.

Na faɗa masa. Ban yi kuka ba, na daina yi a gaban mutane. Na ce yarinyar da shi ya sa mata Mage saboda ƙyallin idonta, yanzu na hagun ya yi fari, na daman ne yake aikin biyu. Na faɗa masa maganar Litinin. Ya nemi kujera ya zauna, audugar nan tana hannunsa yana murzawa. Ya ce babu wanda ya gaya masa. Na ce babu wanda ya tambaya.

Duk wannan Akanta tana ta danna kwamfuta. Sai da muka yi shiru ta sa tabaranta.

"Baiwar Allah, zauna. Maganarsa ta yanka gaskiya ce, ni nake yi da hannuna. Ga wasiƙar kotunku nan a fayil tun shekara huɗu, da fom ɗin asusun da aka ce a riƙa turawa. Ba a taɓa tsallake wata ba."

Na ce to a hanya kuɗin suke ɓata, don ni lokacin ko asusu ba ni da shi, sai bayan shekara ɗaya na buɗe.

"Wa ya cike miki fom?"

Na tuna bencin nan na wajen kotu. Fankar nan tana ta ƙara a samanmu.

Ta ce bari ta karanta min lambar, ko zan gane ta. Ta sa yatsa a kan takarda ta fara, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Ta karanta uku na matso kusa da tebur. Ta karanta shida, ta tsaya ta gyara tabarau.

"Huɗu, huɗu, ɗaya, bakwai," na ce.

Ta ɗago ta kalle ni. "Ashe kin san ta."

Na san ta. Ko daga barci aka tashe ni zan kawo ta. Duk ƙarshen wata nakan je shagon tura kuɗi na bakin layinmu in jero ta da ka, har mai shagon yake tsokanata wai ko lambar saurayi ba a haddacewa haka. Dubu goma-goma nake zubawa a ciki, ina biyan Yaya bashin maganin Mage da kuɗin makarantarta. Dubu ashirin ɗin ubanta su shiga ta gaba, a ɗebi kaɗan a ranta min, ni kuma in biya ta baya ina godiya. Kuɗin ƴata aka ba ni rance, na yi shekara uku ina biya.

Wallahi ba fushi na fara ji ba, kunya ce. Na tuna yadda nake gaishe da Yaya har ƙasa, da yadda nake ɗinka wa ƴaƴansa kayan makaranta kyauta duk shekara don in rage nauyin alherinsa a kaina. Na tuna yadda na tsine wa Dogo a kan sallaya, ban bar masa komai ba.

Dogo ya miƙe, ya ce lambar wa ce. Akanta ta juya masa fom ɗin ya ga sunan. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce yana ina. Na ce yana ƙasa, riƙe da jakata.

Ya nufi ƙofa, na ce ya tsaya. Na ce dambe ba zai buɗe idon Mage ba, kuma kar ya ɗauka don ya fita a wannan ya fita a sauran. Na juya ga Akanta na tambaye ta ko kamfani zai ba shi rance a kan albashinsa kafin Litinin. Ta girgiza kai. Ta ce abin da doka ta yarda albashin wata ɗaya ne, shi ma sai manaja ya sa hannu, manaja kuma ya yi tafiya sai Talata. Dogo ya ce yana da dubu talatin a ajiye da tsohon babur, zai sa shi a kasuwa yau. Na lissafa a raina, ko an sayar da babur ɗin da mai shi ba za su cike ba.

Saura wuri ɗaya ke nan da kuɗin suke. Dubu ɗari tara da sittin suka shiga asusun nan, ban da nawa. Ko kashi ɗaya cikin huɗu ne ya rage, Mage za ta shiga ɗakin aiki.

Akanta ta buga min takardun duka, shafi shida, ta buga hatimi a kowane, ta sa hannu. Da za ta miƙo min ta riƙe gefen takardar ba ta saki ba, ta ce in yi a hankali, abin cikin gida ya fi na kotu ciwo. Na ce na gode.

Muka sauko, ina gaba Dogo yana baya. Muka ratsa ta gefen injina, ƙara kamar za ta fasa kai, bokitai ja da kore suna faɗowa ɗaya-ɗaya cikin kwando. Irin jan bokitin da nake yi wa Mage wanka a ciki ne tana ƙarama.

Na yi zaton zan tarar da bencin babu kowa. Har na fara tunanin yadda zan koma gida ba jaka ba waya. Amma yana nan zaune, jakata a kan cinyarsa ya rungume, yana fifita da katin asibitin Mage. Da ya hango ni ya yi murmushi, ya buɗe baki zai yi magana. Sai ya ga wanda ke bayana, ya ga takardun hannuna. Katin ya faɗi ƙasa.

Maigadi ya sunkuya ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya miƙo min.

"Ƙanwata," in ji Yaya. Rabon da ya kira ni haka tun muna yara.

"Nawa ya rage?"

"Ki zauna in miki bayani."

"Ba bayani na zo nema ba, Yaya. Litinin nake nema. Nawa ya rage a ciki?"

"Ba a nan ba. Mutane suna kallo."

"Shekara huɗu suna kallona ina bin ka da godiya, ban mutu ba. Nawa?"

Ya kalli Dogo, ya kalli maigadi, ya kalli ƙasa. Gumi yana bin wuyansa har cikin riga. Mutumin da dangi suke miƙewa in ya shigo, yau ya kasa haɗa ido da mai ɗinkin wando.

"Ban sani ba."

"Asusunka ne."

"Sunana ne kawai. Na rantse miki ban san abin da ke ciki ba."

"To wa ya sani?"

Ya yi ƙasa da murya.

"Katin cirar kuɗin ba ya hannuna. Tun watan farko aka karɓe shi. Ranar kotun ma ba ni na yi niyyar rubuta lambata ba, cewa aka yi in rubuta."

"Wa ya ce?"

"Katin yana cikin rigar matashin Inna."

Matashin Inna. Ni na ɗinka masa rigar, mai zif a gefe, ita ta ce in sa zif ɗin. A kansa Mage take kwana tun jiya da na bar ta a hannunta.

Sai ga wayata tana ruri a cikin jaka, a kan cinyar Yaya. Bai motsa ba. Na sa hannu na zaro ta da kaina. Sunan Inna ne a kai. Na ɗauka na kara a kunne, ban yi sallama ba.

Muryar Mage ce, siririya, tana jan numfashi yadda take yi in an ba ta saƙo tana tsoron mantawa.

"Umma, Inna ta ce in tambaye ki. Wai ke kika shiga wurin Babana, ko Kawu ne ya shiga?"